Magungunan da sunansu ya fara da "cef": abin da ya kamata ma'aikatan Sharada, Challawa da Bompai su sani

Da an tashi daga aiki a Sharada ko Challawa ko Bompai, kemis ɗin bakin titi ba ya rasa ciniki. Wannan inji ne ya ɗan ci masa yatsa shekaranjiya, yau ya kumbura yana zogi. Wancan a kamfanin fata yake, hannuwansa sun yi ja sun tsattsage. Wani zazzaɓi ne ya ƙi sauka, wani kuma yaro ya baro a gida da tari. A da abin da ake miƙa wa irin waɗannan mutane shi ne ja-da-yalo ko ja-da-baƙi. Yanzu sai mai kemis ya ce waɗancan sun daina ji, ga wani mai ƙarfi, ya zaro kwalin da aka rubuta wa cefalexin, ko cefuroxime, ko cefixime, ko cefpodoxime. Duk dangi ɗaya ne, likitoci na kiransu sefalosforin, kuma kusan duk maganin da sunansa na ainihi ya fara da "cef" ko "ceph" ɗan gidan ne.

Magunguna ne na gaske, sun ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Inda gizo ke saƙa shi ne zaton da mutane ke yi cewa sun jeru ne daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, wanda ya fi tsada shi ya fi kashe cuta. Ba haka abin yake ba. Kowanne da irin ƙwayar cutar da yake iyawa da ita, kuma akwai ciwon da na naira kaɗan zai warkar, mai tsadar ya kasa.

Asalinsu daga bakin kwata ne. A shekarar 1945 wani malamin kiwon lafiya a garin Kaliyari na tsibirin Sardiniya a Italiya, mai suna Giuseppe Brotzu, ya ɗebi ruwan teku a daidai inda ƙazantar gari ke kwarara, ya sami wata fumfuna da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, har da ta taifod. A 1948 samfurin ya isa Jami'ar Oxford a Ingila, inda Edward Abraham da Guy Newton suka tace sinadarin da ke wannan aiki. Na farko da ya shiga kasuwa a 1964 allura ce. Bayan 'yan shekaru aka samu cefalexin, wanda ake iya haɗiya, daga nan sauran suka biyo.

Yadda suke aiki ba shi da wuyar ganewa. Ƙwayar bakteriya tana da bango da ya kewaye ta kamar yadda badala ta kewaye birni, kuma kullum cikin gini da yaɓe take, musamman idan za ta rabu biyu ta hayayyafa. Sefalosforin magina yake kamawa. Gini ya tsaya, bango ya tsage, ƙwayar ta fashe. Haka penisilin ma ke yi, don 'yan uwa ne na kusa. Ƙwayoyin halittar jikin mutum ba su da wannan bango, shi ya sa maganin ba ya taɓa su. Bairos ma ba shi da shi. Ke nan mura, da yawancin tarin hunturu, da yawancin ciwon makogwaro, da ƙyanda, babu abin da waɗannan magunguna za su yi musu. Zazzaɓin cizon sauro ma haka. Tarin da ƙurar auduga ko tururin narkakkiyar roba ke jawo wa mai aiki a masana'anta, abin rufe hanci da iska mai ratsawa yake so, ba kafso ba.

Wane ne na wane ciwo

Cefalexin da ɗan uwansa cefadroxil su ne tsofaffin gidan, kuma su ne suka fi iya ƙwayoyin cutar da ke zaune a fatar mutum suna jiran ƙofa. Rauni ya yi ja, ya yi zafi, jan yana faɗaɗa, wannan aikinsu ne. Akan ba da cefalexin a wasu cututtukan mafitsara ma, har ga mai juna biyu idan likita ya ga dacewa. Cefuroxime yana tsakiya, an fi rubuta shi a ciwon kunne da na kogon hanci da wasu cututtukan ƙirji. Cefixime da cefpodoxime su ne na baya-bayan nan, sun fi ƙwarewa a kan ƙwayoyin hanji da na mafitsara.

A nan mutane ke asarar kuɗinsu. Cefixime ba ya iya wa babbar ƙwayar da ke haddasa maruru da ruɓewar rauni. Leburan da ƙarfe ya yanka, ya ce a ba shi mafi tsada don ya warke da wuri, aka miƙo masa cefixime, ya biya kuɗi mai yawa ya sayi abin da bai kai cefalexin amfani a kan ciwonsa ba.

Shi ma cefalexin ɗin ba kowane rauni ne ke bukatarsa ba. Yankan da aka wanke nan take da ruwa mai tsabta da sabulu, aka rufe, yawanci da kansa yake warkewa. Abin da ya fi muhimmanci a ranar shi ne allurar tatanos, wato rigakafin ciwon sarƙewar haƙora. Marurun da ya tara mugunya kuwa sai an tsaga an fitar, don magani ba ya ratsa tarin mugunya sosai. Ita kuma ɗabi'ar fasa kafso a barbaɗa garinsa a kan gyambo, a daina, ba don haka aka yi shi ba.

Masu aikin fata su karanta nan da kyau

Kano garin fata ne tun kafin zuwan Turawa, kuma kamfanonin jima na zamani sun taru ne a waɗannan unguwanni uku. Akwai ciwo biyu na wannan sana'a da suke kama da aikin kafso, alhali ba nasa ba ne.

Na farko daga sinadarai yake zuwa. Ana jiƙa fata a ruwan farar ƙasa da sinadarin cire gashi, sannan a jeme ta da gishirin kuromiyam. Hannun da ke yini a cikin waɗannan ba safar roba, ko ƙafar da ruwan ke shiga takalminta, sai ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, ta bushe, ta tsattsage. Wasu jikinsu kan ƙi kuromiyam gaba ɗaya, ko ɗan kaɗan ya taɓa su sai ciwon ya tashi. Wannan ba ƙwayar cuta ba ce, ƙuna ce da borin fata. Mutum zai shanye kati uku na cefalexin, ranar Litinin ya koma ya tsoma hannu a ruwan da ya jawo ciwon. Maganinsa safar hannu mai tsawo, da takalmin roba marar huji, da wanke jiki bayan aiki, da man shafawa da likita zai rubuta. Sai idan tsagar ta kamu da cuta ta fara ruwa da mugunya ne maganin sha ke da gurbi.

Na biyun ya fi haɗari, ko da yake bai cika faruwa ba. Cutar da makiyaya ke kira saifa, ta asibiti kuma antiraks, tana iya maƙalewa a busasshiyar fatar dabbar da ta mutu da ita har tsawon shekaru. A watan Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullarta a wata gonar dabbobi a Suleja ta Jihar Neja, kuma fatun da ake jemewa a Kano daga wurare da dama suke zuwa, har da ƙasashe maƙwabta. A jikin mutum takan fara kamar cizon ƙwaro mai ƙaiƙayi a hannu ko wuya ko fuska, sai ya yi ƙurji, sai tsakiyarsa ta yi baƙi ƙirin, gefe ya kumbura sosai, amma abin mamaki ba ya zafi. Sefalosforin ba ya kashe wannan ƙwaya. Magungunanta daban ne, irin su ciprofloxacin da doxycycline, kuma tana warkewa idan an kama ta da wuri. Duk mai ɗaukar ɗanyar fata ko ƙirgi da ya ga baƙin gyambo marar zafi, ya tafi asibiti a ranar, kuma ya gaya wa likita sana'arsa.

Taifod, ciwon sanyi da sauransu

Babu sunan ciwon da ke sayar da cefixime a Kano kamar taifod. Gaskiya ne yana cikin magungunanta, ana sha mako ɗaya zuwa biyu, kuma zazzaɓin kan ɗauki kwanaki kafin ya sauka ko da maganin na aiki. Matsalar tana wurin gwaji. Gwajin Widal da ƙananan ɗakunan gwaji ke yi sau ɗaya ba ya tabbatar da taifod. Mutumin da ya taɓa yin ta a baya, ko mai zazzaɓin cizon sauro, yana iya fitowa da sakamakon da za a ce masa "taifod da maleriya". Gwajin da ake dogara da shi shi ne a shuka jini a ga ko ƙwayar za ta tsiro, irin wanda manyan asibitoci kamar na Malam Aminu Kano ke yi. Ya fi tsada, yana ɗaukar kwanaki, amma yana faɗin ƙwayar da kuma maganin da take ji. A ra'ayina, wanda aka ce masa taifod sau uku a shekara guda, kuɗin cefixime na huɗu gara ya kai shi wannan gwaji.

Abin da ake gudu ya riga ya faru a wani wuri. A ƙarshen 2016, a birnin Haidarabad na Pakistan, aka sami taifod da ta bijire wa kusan duk magungunan da aka saba, har da allurar ceftriaxone, babbar yayar cefixime. Dubban mutane suka kamu, akasari yara.

Kalmar ciwon sanyi kuwa ta zama buhu, kowa na zuba abin da ya ga dama: ciwon mara, ƙaiƙayin gaba, fitar farin ruwa, zafin fitsari, har ciwon baya. Wasu fumfuna ce ke jawo su, kuma shan sefalosforin ƙara musu ƙarfi yake yi, don yana kashe ƙwayoyin kirki da ke tsare wurin. Ainihin ciwon sanyin da ake ɗauka ta saduwa, da can ƙwaya ɗaya ta cefixime kan gama da shi, amma ya fara bijirewa, har hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta cire shi daga zaɓin farko a 2012 ta koma kan allura. Kuma miji ya sha magani a ɓoye ya bar iyali ba a duba su ba, aikin banza ya yi.

Ciwo biyu kuma ba a tsayawa a kemis da su sam. Mashaƙo, wanda ya addabi Kano fiye da kowace jiha tun daga ƙarshen 2022, yana bukatar allurar karya dafi da wasu magunguna na daban a asibiti. Yaron da makogwaronsa ya yi farin yaɗi, wuyansa ya kumbura, ba na sirop ba ne. Sanƙarau ma haka. Sefalosforin na sha ba ya isa ruwan ƙwaƙwalwa yadda zai yi amfani, sai na allura. Dattawan Kano ba su manta 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara 200 masu sanƙarau a Asibitin Zana. Kusan rabin yaran allurar ceftriaxone aka yi musu don kwatantawa, yara 11 suka rasu a ɓangarorin biyu, shari'ar da ta biyo baya kuma ta kai ga sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jiha a 2009. Har yau ceftriaxone ce kan gaba wajen maganin sanƙarau, amma a gadon asibiti.

Idan likita ya rubuta muku

Ku tambayi abu uku kafin ku fita: sau nawa a rana, kwana nawa, da abinci ko ba abinci. "Sau biyu" na nufin kowace awa 12, "sau huɗu" kowace awa 6. Waɗannan magunguna ba sa daɗewa a jini, kuma amfaninsu ya dogara ne da kada jini ya daɗe babu su. Mai aikin dare ya tsara lokacinsa da agogon waya, ba da fitowar rana ba. Idan an manta, a sha da an tuna, amma kada a haɗa biyu. A watan azumi a gaya wa likita tun farko, don akwai wanda ake sha sau biyu da zai dace da sahur da buɗe baki. Idan kuma ciwon ya kai a sha sau huɗu, addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Ƙwayar cefuroxime da ta cefpodoxime bayan abinci ake shan su, haka suka fi shiga jiki. Cefuroxime ɗaci gare shi ƙwarai, ba a daka shi. Maganin gyambon ciki da na ƙwarnafi suna rage shigar waɗannan biyun, sai a sanar da likita idan ana shan su. Cefalexin da cefixime ba ruwansu da abinci. Mai ciwon ƙoda a rage masa adadi, don ta fitsari yawancinsu ke fita. Mai shan maganin tsinka jini ko na ciwon suga shi ma ya faɗa.

Na yara gari ne a kwalba. Ana zuba tafasasshen ruwan da ya huce daidai layin da aka zana, a girgiza kafin kowane sha, a auna da murfi ko sirinjin da ya zo da shi. Adadin da nauyin yaro ake lissafa shi, ba da shekaru ba, ba kuma da na ɗan maƙwabta ba. Da zarar an haɗa, kwanakinsa ƙidayayyu ne, tsakanin mako guda zuwa biyu gwargwadon abin da aka rubuta a kwali, kuma da yawa firji suke so. A Kano da zafin bazara ke haura maki 40, ga wuta sai an ga dama, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ba shi da firji ya faɗa tun a wurin saye, a zaɓa masa wanda ya fi jure zafi, ya ajiye a wuri mafi sanyi a gida, kamar gindin randa. Ragowar kwalbar watan jiya ta bola ce.

Illar da aka fi gani ita ce laushin ciki da tashin zuciya, kuma yawanci takan wuce. Gudawa mai yawa, ko mai jini, ko mai murɗar ciki da zazzaɓi, ko da bayan an gama maganin ne, ta asibiti ce. Borin jini, kumburin leɓe ko fuska, shaƙewar numfashi ko jiri jim kaɗan bayan sha, a tsaya nan take a nufi asibiti mafi kusa. Wanda penisilin, ampicillin ko amoxicillin ya taɓa yi masa haka ya faɗa kafin a rubuta masa. Yawancin irin waɗannan mutane suna iya shan wasu sefalosforin lafiya, amma cefalexin da cefadroxil sun yi kama da waɗancan sosai, likita ne zai tantance. Kuma idan an yi kwana biyu zuwa uku ana sha rauni na ƙara faɗi, ko jan layi ya miƙe daga ciwon ya nufi hammata ko matsematsi, a koma, kada a ƙara wani kafso a kai.

Maganin gwargwadon kuɗi

Kowa ya san yadda ake ciniki: "Ba ni na ɗari biyar." A yanka kati, a ba shi ƙwaya huɗu cikin ashirin. Ba jahilci ne kaɗai ke jawo haka ba. Wanda ake biya a kullum, idan ya yini a layin asibitin Murtala ya rasa kuɗin ranar. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kamfanin GSK mai Augmentin kuma ya sanar a watan Agustan shekarar cewa zai daina kasuwanci kai tsaye a Najeriya, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Sai dai a sani, Zinnat, alal misali, suna ne na kasuwa, abin da ke ciki cefuroxime ne, kuma na wani kamfanin mai rajistar NAFDAC aiki ɗaya suke yi. Gara cikakken adadi na mai sauƙin kuɗi da rabin mai suna.

Ƙwaya huɗu kan rage zogi, ba ta gama aiki, ciwon ya dawo. Shan maganin inda ba a bukatarsa kuwa ya fi wannan ɓarna, don kowace ƙwaya da aka haɗiya tana ratsa biliyoyin bakteriyar hanji, ta kashe masu jin magani, ta bar fili ga masu bijirewa. Wasunsu sun koyi fitar da wani sinadari da ke tsinka sefalosforin kafin ya yi aiki, kuma suna miƙa wa junansu wannan dabara. Ranar da irin wannan ƙwaya ta shiga mafitsara ko jinin jariri, sai maganin allura mai tsadar gaske, idan ma an same shi. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa waɗannan magunguna gida uku: na yau da kullum, na sa ido, da na ajiya. Cefalexin yana gidan farko. Cefuroxime, cefixime da cefpodoxime duk suna gidan sa ido, wato waɗanda ba a so a taɓa sai da dalili.

Abin bai tsaya a cikin mutum ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na cefalexin da aka sha yana fita a fitsari yadda ya shiga. Daga nan sai kwata. Ruwan Bompai na bin rafin Getsi ya haɗe da Jakara, na Sharada na bin Salanta zuwa kogin Challawa, kuma a gefen waɗannan rafuka ake noman rani na latas da kabeji da alayyafo da ke shigowa kasuwannin gari. Masu bincike a ƙasashe da dama sun nuna cewa inda dattin ƙarafa na masana'antu ya cakuɗa da ƙazantar gari, ƙwayoyi masu jure ƙarafan sukan zama masu jure magani ma. Don haka maganar tace ruwan kamfanoni kafin a sake shi ba ta wari da kifi kaɗai ba ce.

A doka, waɗannan magunguna sai da takardar likita, kuma a kantin da ke da masanin haɗa magunguna. Lasisin ƙaramin kemis bai ba shi izinin sayar da su ba, balle mai talla a faranti cikin rana. A watan Fabrairun 2024 NAFDAC da hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa suka rufe shagunan 'yan sarin magani na Sabon Gari domin su koma sabuwar cibiyar Dangwauro da ke hanyar Zariya, inda za a iya sa ido a kan abin da ke shiga da fita. Mai saye shi ma yana da nasa aikin: ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, idan akwai wurin kankarewa a kwali ya kankare ya tura lambar ta waya, kuma ya ƙi karɓar ƙwayoyin da aka zube a leda babu suna.

Masu kamfanoni kuma kada su zame. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta musu biyan kaso ga asusun NSITF domin kula da wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo saboda aiki. Ma'aikacin jinya guda a harabar kamfani, da famfo da sabulu kusa da inji, da safar hannu da ake sauyawa idan ta huje, za su rage cinikin kafso a bakin ƙofa fiye da kowace lacca. Kai kuma da inji ya yanka, ka sa a rubuta raunin a littafin kamfani a ranar da ya faru, ka nemi a kai ka a duba, kafin ka sa hannu a aljihu.